Ba Dan Arzika Ba

Boureima mai tamfol ba ya amsa magana sai ya maimaita ta. In ka ce masa kana son igiyar da za ta ɗaure buhunan shinkafa har Yamai, sai ya ɗago kai a hankali ya ce, "Ka ce har Yamai," sannan ya miƙa hannu ya zaro wadda ta dace. Ba dukan maganarka yake maimaitawa ba. Gaɓar da zai amsa yake cirowa, ya ajiye ta a gabanka ka ganta, sannan ya ɗora tasa a kai. Mutanen garejin manyan motoci na Zongo suna kiransa Kaset. Muktar mai tayoyi, wanda rumfarsa ke jingine da ta Boureima, yakan ce ko masu tambayar kabari sai sun yi haƙuri da shi, domin sai ya maimaita musu tambayarsu kafin su ji amsa. Boureima ba ya jin haushi. Yakan yi murmushi ya ci gaba da ɗinkinsa.

A hanya ya samo wannan ɗabi'a. Daga Gaya ya zo Kwatano yana saurayi, ba shi da kowa, ya zama yaron motar wani direba mai suna Arzika. A lokacin babu waya a aljihun mutane. Ranar da mota za ta tashi, mata da tsofaffi sukan taru a bakin ƙofarta, wannan ta ce a gaya wa ɗanta a Kandi kaza, wancan ya ce a gaya wa ƙanensa a Doso kaza. Arzika yakan amsa wa kowa da dariya, kafin a wuce Bohicon ya manta rabi. Boureima ne yake riƙewa. Yakan maimaita wa mai magana abin da ya faɗa har sai ya gyaɗa kai, sannan ya hau mota.

Arzika ɗan Zongo ne tun kakanni, daga gidan fataken goro na da. Mutum ne mai ƙarar murya da faɗin hannu. Shi ya koya wa Boureima tuƙi, shi ya nema masa aure, a ɗakin zaurensu ya zauna kafin ya sami nasa. Sun yi shekaru suna hawa da sauka a hanyar arewa, da farko a motar wani Alhaji, daga baya a motar da Arzika ya saya da guminsa. Da ɗansa Kader ya kai matakin karatun likita, Arzika ya sayar da motar ya koma tuƙa ta wasu. Bai ga ƙarshen karatun ba. Boureima na cikin waɗanda suka saka shi a kabari, kuma tun daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Ya kama rumfa a gareji yana ɗinkin tamfol yana sayar da igiya. Duk Juma'a yakan biya ta gidan mamacin ya gaida matarsa Salamatu daga bakin ƙofa, ya tambayi karatun Kader, ya wuce.

Muktar ne ya buɗe gurup a waya ya sa masa suna Zauren Zongo. 'Yan unguwa na gida da na waje duk suna ciki, na Libreville, na Abidjan, na Faransa. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, a nan ake gardamar ƙwallo da ta farashin man fetur. Labiba, 'yar Boureima da ke zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta saka shi ta nuna masa yadda ake jan saƙon mutum a amsa a ƙarƙashinsa. Bai so hakan ba. Ya ce abin yana jawo maganar mutum gaba ɗaya, da wadda za ka amsa da wadda ba ruwanka. Sai ya riƙa yin nasa: ya sake rubuta gaɓar da yake so da yatsa ɗaya, ya kewaye ta da 'yan kusurwoyin nan na rubutun Faransanci, ya rubuta amsarsa a ƙasa. 'Yan gurup suka saba. Har matasa suka fara kwaikwayonsa don tsokana.

Ranar da Kader ya karɓi takardarsa ta likita, aka saka hotonsa a Zauren Zongo da farar riga. Tun safe ake ta barka. Wajen azahar Hajiya Karimatou, yayar Arzika da ke zaune a Lyon wajen 'ya'yanta, ta rubuto dogon saƙo. Ba ta saka waƙafi ko ɗaya ba, kamar yadda ta saba. A tsakiyarsa ta ce:

"Ina ta ganin kuna yabon yaro ku yabi uban Kader ba dan Arzika ba da bai ga kofar lakwal ba balle ya zama likita motarshi ya sayar Allah ya jikan kanena."

Boureima ya karanta yana zaune a kan tamfol, idonsa ya kawo ruwa. Tun safe yake jira wani ya ambaci Arzika. Ya goge tabarau, ya nemo gaɓar da sunan abokinsa yake, ya rubuta:

«Kader ba dan Arzika ba»
"Wallahi gaskiya ne Hajiya. Ni shaida ne. Ina tare da shi a mota duk shekarun nan."

Ya tura. Ya saka wayar a aljihu, ya ɗauki allura da zare, ya hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa Houéyiho inda wata mota ta tsaya da yagaggen tamfol. A can cajin wayar ya ƙare.

A Kwatano, kamar yadda ake yi a arewa, inda wasu ke cewa don, dan ake cewa. Wayoyin mutane kuwa da haruffan Faransanci suke zuwa, babu mai ƙugiya a cikinsu, saboda haka dan da ɗan fuska ɗaya gare su a rubuce. Hausar kasuwa kuma ba ta damu da ne a ƙarshen zance ba. Duk wannan kowa a Zongo ya sani, ba a taɓa zama an yi maganarsa ba ne kawai.

Da Boureima ya dawo gareji bayan la'asar, ya ga gaisuwar mutane ta gajarce. Mai shayi ya amsa masa yana kallon tukunya. Muktar bai ce masa Kaset ba. Ya kama hannunsa ya ja shi bayan tarin tayoyi, ya miƙa masa wayarsa.

"Karanta abin da ka rubuta."

Boureima ya karanta a fili, kamar yadda yake a ransa. Ya dubi Muktar yana neman laifin.

"Sake karantawa," in ji Muktar. "Kamar ba kai ka rubuta ba. Kamar ba ka ga na Hajiya ba."

Ya sake karantawa. Wannan karon harshensa da kansa ya lanƙwasa a kan kalmar. Ya tsaya. Ya nemi inda zai zauna, ya zauna a kan taya.

Muktar ya ba shi labarin abin da ya biyo baya. Da farko gurup ya yi tsit. Sai wani ya saka hoton idanu biyu. Wata ta rubuta innalillahi. Wani da ke Libreville ya rubuta kalma biyu, da ma, bai ƙara komai ba. Kafin masu hankali su ce a koma sama a karanta saƙon Hajiya, an riga an ɗauki hoton allon waya, abin da suke kira kaftir, an fitar da shi daga gurup. Na Boureima kaɗai aka ɗauka. Aka yi ta kiran Hajiya Karimatou, ta ruɗe, ta goge nata. Inda yake a da, yanzu sai ɗan layin da ke cewa an goge wannan saƙo. Muktar kuma, don ya kashe wutar, ya goge na Boureima ya rufe gurup. Ya yi zaton ya taimaka. Abin da ya rage a duniya shi ne kaftir ɗin, yana yawo daga waya zuwa waya: rabin maganar yayar mamaci, da rantsuwar abokin tafiyarsa a ƙarƙashi.

Boureima bai jira magariba ba, ya tafi gidan Arzika. Ya yi sallama a inda ya saba tsayawa. Kader ne ya fito, ya russuna ya gaishe shi kamar kullum. Boureima ya fara bayani, maganar tana tsinke masa. Kader ya saurara har ƙarshe, ya ce ai ya gane, ya karanta saƙon Gwaggo kafin ta goge, ba komai. Ya ce Inna ta kwanta, kanta na ciwo. Ya raka shi har bakin titi. Ladabinsa bai ragu ba ko kaɗan, kuma shi ne abin da ya fi damun Boureima a hanyar komawa.

An yi walimar da aka shirya wa Kader ranar Lahadi. Mutane suka zo fiye da waɗanda aka gayyata. Boureima na zaune a gefe yana ganin yadda idanu ke tafiya: daga fuskar Kader zuwa hoton Arzika da ke rataye a zaure, daga hoton su dawo fuskar. Kader farin mutum ne, siriri. Arzika baƙi ne mai faɗin kafaɗa. Shekara da shekaru haka suke, ba wanda ya tsaya dubawa sai ranar. Salamatu ta fito sau ɗaya ta yi godiya ta koma ciki.

Washegari Boureima ya sa Labiba ta kira masa Lyon. Ya roƙi Hajiya Karimatou abu ɗaya: ta ɗauki muryarta tana faɗin maganar daga farko zuwa ƙarshe, domin a baki dan da ɗan ba sa haɗuwa. Ta ce jininta ya hau tun ranar, 'ya'yanta sun hana ta taɓa waya. Ta ce ita alheri ta nufa, kuma ba ita ta yanke magana ba. "Kai ka yaga, Boureima, kai ne kuma maɗinki." Ta ce in ta zo gida za a zauna. Ba ta ce yaushe ba. Ita da Salamatu ba su taɓa faɗa ba, a iya sanin mutane. Ba a kuma taɓa ganinsu suna cin abinci a kwano ɗaya ba.

Boureima ya ɗauki tasa muryar, Muktar ya tura wa mutane. Aka saurara, aka ce Allah sarki, dattijo yana son ya gyara. Sai ya yanke shawarar ya bi gida gida.

Kowace safiya yakan rufe rumfa ya fita da sandarsa. Ya fara da layin masallaci, ya gangara layin mahauta, ya shiga lungunan da babur ma ba ya shiga. In an ba shi tabarma, sai ya ƙi ruwa tukuna, ya faɗi maganar Hajiya Karimatou cikakkiya, ya nuna inda ya yanke, ya furta kalmar sau biyu, ɗaya a sake ɗaya a lanƙwashe, don a ji bambanci. Mutane suna karɓarsa da mutunci. Sukan ce sun gane, Baba. Sukan ce ai kowa yana kuskure. Da yawa kuma, in sun rako shi ƙofa, sukan dafa hannunsa su ce Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya. Wannan addu'a ita ke hana shi cin abinci. Ya san ba a yin ta sai inda ake ganin akwai abin rufewa.

Abin da ya kasa ganewa shi ne saurin da maganar ta kama. An sha yin kuskuren rubutu a gurup, a yi dariya a wuce. Wani ya taɓa sanar da rasuwar mutum yana nufin ya rasa jakarsa, ba a kwana ba aka manta. Me ya sa wannan ta zauna? Ya tambayi Muktar. Muktar ya ce shi tayoyi ya sani. Ya tambayi Labiba, ta ce ba a haife ta ba lokacin, sannan ta yi saurin sauya magana.

Wata rana ya je Agontinkon wajen wani tsohon direba da suka yi zamani tare, wanda ido ya hana shi fita. Ya gaishe shi, ya ce ya zo ne a kan maganar nan. Tsohon ya ce wace magana? Ba shi da waya, bai ji komai ba. Boureima ya so ya tashi, amma ya riga ya buɗe baki. Dole ya faro daga hoton farar riga. Kafin ya kai ƙarshe, ya ga ƙafafun matar gidan a ƙarƙashin labule.

Muktar ya same shi a rumfa da yamma yana zaune bai ɗinka komai ba. Ya ce, "Kaset, don Allah ka daina juyawa haka nan. Kai kaɗai ka rage kana kunna ta." Kashegari Boureima ya sake fita. Yana tsoron ya mutu da ƙazafin matar amininsa a wuyansa, kuma bai san wata hanya ba sai ta ƙafa.

Salamatu mace ce da ake kira in an haihu a Zongo. Ita ke wankan jariri na farko a gidaje da yawa, ita ke gasa cibiya, ita ke zama da mai jego. Ba wanda ya ce mata kada ta zo. Kiran ne ya yi ta raguwa. Aka yi suna a gidan da ke kallon nata, ta ji daga masu kiɗa. Kader, wanda aka ce an ba shi gurbi a wani asibiti a nan Kwatano, ya nemi a tura shi arewa, aka tura shi Kandi. Bayan tafiyarsa Salamatu ta rufe ɗakinta ta koma Zogbo wajen ƙanwarta, inda maƙwabta ba su jin Hausa.

Damina ta yi nisa lokacin da Salamatu ta aiko a kira Boureima. Ya je ta cikin ruwan da ya kwanta a tituna, wandonsa a naɗe. Ya same ta a baranda tana tsince wake. Ta rame. Ta sa aka kawo masa kujera, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, har da ta mutanen da duka biyunsu suka san sun mutu. Ya buɗe baki zai faro maganar Hajiya, ta ɗaga hannu.

"Na sani, Boureima. Tun ranar na sani. Ko da ban ga na Karimatou ba, na san ba za ka faɗi haka ba."

Ya ce to ta yafe masa.

Ta ce ta yafe. Ta faɗe shi a sauƙaƙe, ba ta daina tsince waken ba. Sannan ta ce abin da ta kira shi a kai biyu ne. Na farko, ya daina bin gidaje. Ta ce duk gidan da ya shiga, da yamma sai an kira ƙanwarta an tambayi lafiyarta.

Ya sunkuyar da kai.

Ta tambaye shi ko ya tuna shekarar da takardun kayansu suka sami matsala, motar Alhaji ta maƙale a Malanville, bakin iyaka, tun kafin azumi har bayan babbar salla. Ya ce ya tuna. Ta ce a ƙarshen wannan shekarar aka haifi Kader. Ta ce mata sun iya ƙirga wata, kuma sun ƙirga. Ba wadda ta faɗa mata a ido. A wajen suna ma sun zo sun ci sun yi guɗa. Amma ta ga yatsunsu suna motsi a ƙarƙashin mayafi. Da yaro ya girma, Arzika yana ɗauke da shi a wuya yana zagaya unguwa, maganar ta kwanta. Ta yi zaton ta mutu.

Boureima ya ji kamar an zare masa kujerar. Shi yana hanya a shekarun nan, maganar mata ba ta kai wa gaban mota. Amma ya san abin da masu ƙirgar ba su sani ba. A tsakiyar wannan zaman na Malanville, Arzika ya kasa haƙuri. Ya bar masa mota da kayan Alhaji, ya bi motar haya zuwa Parakou, ya hau jirgin ƙasa ya sauko Kwatano. Ya yi kwanaki a ɗakin matarsa bai leƙa ko zaure ba, domin in Alhaji ya ji direbansa ya bar kaya a bakin iyaka, aikin ya ƙare, na su biyun. Ya koma kamar yadda ya zo. Ya sa Boureima ya yi masa alkawarin ba zai faɗa ba, Boureima kuwa ya riƙe har ya manta yana riƙe da wani abu.

Ya ce da ita ai Arzika ya zo. Ai shi Boureima ne ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya.

"Na san ya zo," in ji Salamatu. "Ni ya zo wa."

Ta ture tiren waken gefe. Ta ce mutanen Zongo ta bar su da Allah, ba ta neman komai a wajensu. Abu na biyu da ta kira shi a kai, Kader ne. Ta ce yaron ya karanta saƙon gwaggonsa, ya san Hausa, ya san dan ya san ɗan. Bai ce komai ba har aka yi walima aka gama. Sai ana gobe zai tafi Kandi, yana ɗaure jaka, bai juyo ba, ya ce, Inna, me ya sa mutane suka yarda da sauri haka?

"Ya tambaye ni, Boureima."

Ta ce ta ba shi labarin jirgin ƙasa. Ya ce to, Inna. Ya durƙusa ya yi mata sallama da safe. Yana kira duk Juma'a, yana aiko da abin da ya samu, bai rage komai ba. Amma ta san to ɗin ɗanta. Ta ce wadda ake zargi ba ta zama shaidar kanta. Arzika ya tafi, Alhaji ya tafi, jirgin ma ya daina ɗaukar mutane. Saura mutum ɗaya.

Boureima ya ce zai je.

Ta ce zai iya kiransa a waya.

Ya ce a'a. Ya ce wannan magana ba za ta sake bi ta cikin waya ba, ba kuma za ta bi ta bakin kowa ba. Zai zauna gaban yaron, ya faɗa masa tun daga ranar da aka riƙe takardu har ranar da Arzika ya dawo Malanville da ƙullin dambun nama da ita ta yi masa, wanda suka ci tare a gindin mota. In yaron yana da tambaya, ya yi ta yana kallon idonsa.

Salamatu ta ce ita ta manta da dambun.

Ya dawo Zongo ya daina bin gidaje. Mutane suka ce dattijo ya haƙura, wasu suka ce ya gaji da rufewa. Ya koma rumfa yana ɗinki da sauri, domin akwai tamfol na mutane a hannunsa, ba ya so ya tafi ya bar aikin kowa. Labiba ta ga ya fito da tsohuwar jakarsa ta hanya ya shanya. Ta tambaye shi ina za shi da wannan ƙafa da wannan hawan jini. Ya ce Kandi, wajen Kader, akwai abin da zai gaya masa. Ta ce mene ne. Ya ce na Kader ne. Ta ce ya bari ruwa ya ɗauke, hanya ta gyaru. Ya ce ya san hanyar.

Muktar ya samo masa wuri a gaban wata babbar mota da za ta tashi ranar Asabar, direbanta yaron gidansu ne, zai sauke shi a ƙofar asibitin. Ya ce masa, "Kaset, in ka je kada ka tsaya maimaita wa likita gaisuwa, marasa lafiya na jira." Boureima ya yi dariya. Rabon da a ji dariyarsa a gareji tun ranar farar riga.

Ranar Alhamis da hantsi yana naɗe tamfol na ƙarshe, ya durƙusa zai ja igiya, bai miƙe ba. Mai shayi ne ya fara gani. Aka kai shi asibiti a bayan wata ƙaramar mota. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace. Idonsa a buɗe, yana gane mutane. Yakan kama hannun Labiba da hagu ya yi ta ƙoƙari, abin da ke fitowa ba ya zama kalma. Ta kawo masa takarda da alƙalami, hannun hagu bai iya ba. Ta kawo wayarsa ta ɗora masa a ƙirji, ya kawar da kai.

Labiba ta kira Kandi. Kader ya ce zai nemi izini, su biyu ne kawai likitoci a wajen, ɗayan kuma ya yi tafiya. Motar Asabar ta tashi da wani a kujerar gaba. Boureima ya cika ranar Litinin kafin azahar.

Kader ya iso ana zaman makoki. Ya zauna cikin maza a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a titi, ya yi addu'a, ya karɓi gaisuwa kamar ɗan gida. Mutane suna ta faɗin halin mamacin, cewa bai taɓa cin amanar kowa ba, ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Wasu in sun faɗi haka sukan saci kallon Kader.

Da zai tafi, Labiba ta biyo shi bakin ƙofa. Ta ce Baba yana shirin zuwa wajensa ne ciwon ya same shi, har an kama masa wuri a mota. Baba ya ce akwai abin da zai gaya masa, baki da baki.

Kader ya tsaya. Ya tambaye ta ko ya faɗa mata mene ne.

Ta ce ta tambaya, ya ce na Kader ne.

Ya tambaya ko Baba Muktar ya sani. Ta ce shi ma bai sani ba.

Kader ya ce Allah ya jiƙansa. Ya ce zai biya Zogbo ya gaida Inna a tsaitsaye, domin motar arewa ba ta jira.